Haɗin kayan marmarina ya tsinke ya yi ɗaci, a ina na kuskure?

Maman Hanif, Kubwa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar surukata ta zo daga Zariya, ga zafin Abuja na watan Maris, ko fanka iska mai ɗumi take hurawa. Na ce bari in haɗa wa Hajiya abin da zai sanyaya mata rai. Abban Hanif ya biya kasuwar Zuba ya sayo kankana, abarba, gwanda, ayaba da mangwaron Binuwai. Tun ƙarfe 10 na safe na yayyanka su a babbar roba, na zuba sukari da madara gwangwani biyu, na sa a firij. Ƙarfe 11 aka ɗauke wuta. Da la'asar ina buɗewa sai na tarar ruwa ya kwanta a ƙasa, ayaba ta yi baƙi ta narke, ga wani ɗaci a maƙogwaro. Hajiya ta kai cokali biyu, ta ce Allah ya yi albarka, ta ajiye. Wallahi abin yana damuna har yanzu. Tana nan zuwa Juma'a, ina so in sake.

Anti Rabi, Garki
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ɗacin nan daga abarba da madara ne. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ke narkar da furotin, gwanda ma haka, shi ya sa iyayenmu ke naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda. In suka jima tare da madara ko yogot sai su ɓata shi ya yi ɗaci. Ki kawo madarar daban a ɗan kofi, kowa ya zuba lokacin sha. Sukari kuma shi ya janyo ruwan. Kankana kusan kashi 92 cikin 100 ruwa ce, kina barbaɗa mata sukari za ta fara zubarwa. In mangwaron ya nuna, ba ki buƙatar sukari ko kaɗan.

Ummu Sadiya, Jos
Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne awa biyar babu wuta. Yankakken kayan marmari bai kamata ya wuce awa 2 ba tare da sanyi ba, a zafinku na Abuja ma awa 1, balle da madara a ciki, balle ga dattijuwa. Ki sayi ƙanƙara, ki zuba a babban kwano, ki ɗora robar a kai, ko ki sa a kula. Mangwaro da abarba za ki fara yankawa, kankana a nata kwanon, ayaba sai za a kai wa Hajiya, ki matsa mata rabin lemon tsami don kada ta yi baƙi. Ki wanke bawon kankana kafin wuƙa ta shiga, dattin baya ne ke bin wuƙa zuwa ciki. Da a Jos kike da na ce ki nemi sitiroberin Chaha ta wajen Vom, yanzu ne lokacinsa ke ƙarewa.

Maman Hanif, Kubwa
Allah ya saka da alheri Anti Rabi, Ummu Sadiya na gode ƙwarai. Ashe duk ukun na yi. Gobe bayan azahar zan yanka, na riga na aiki Hanif ya tambayo mai ƙanƙara na bakin layi ƙarfe nawa yake buɗewa.