Neman shawara: karfasa sun cika min rami amma sun ƙi girma

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min, kaina ya ɗaure. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, aka raba gado na sami wani yanki na fadama ta wajen Kura. Yayana ya so mu haɗa mu yi shinkafa, na ce a'a saboda tsadar taki da rigimar ruwa da maƙwabta. Ya ji haushi, sai da kawunmu ya shiga tsakani. Daga baya uwargida ta kwashi adashi ta ba ni, na sayar da babur na cika, aka haƙa min rami na zuba 'ya'yan karfasa 500 tun cikin bazara. Yanzu ga kaka ta yi. In na watsa abinci ba ka ganin ruwa saboda yawan kifi, sun ninka abin da na zuba nesa ba kusa ba, amma da wuya ka kamo mai faɗin tafin hannu, yawanci ba su wuce yatsu biyu ba. Mai saye ya zo ya duba ya juya. Kwanan nan kuma da asuba sai in tarar da su a saman ruwa suna buɗe baki, wasu sun mace. Ita kuma baiwar Allah har yau zubin adashin take. Me zan yi?

Hajiyar Kaji: Wa alaikumus salam. Ƙanina yunwa ce, ƙara musu abinci. Kuma ka binciki buhun da kake saye. Ni bara wani dillali ya kawo min abincin kaji rabinsa ƙaiƙayi ne, kajina suka daina ƙwai, na je da magana ya rantse min da Allah. Har yau kuɗina na wajensa.

Malamin Gona: Hajiya, da girmamawa, in ya bi wannan shawarar cikin mako guda zai kwashe gawa. Ɗan Fadama, ba ka faɗi faɗin ramin ba, ba ka faɗi ko kana sauya ruwa ba, amma na san ciwon. Maza da mata aka haɗa maka. Karfasa ba ta jira ta girma kafin ta fara haihuwa, a cikin rami wata kaɗan ya ishe ta. Namiji ya share gurbi a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai ɗaruruwa, ta kwashe su a baki ta riƙe har su ƙyanƙyashe, kuma duk tsawon wannan lokacin ba ta cin abinci. Bayan 'yan makonni ta sake zuba wasu ƙwan. 'Ya'yan su ma su fara nasu. A kogi akwai masu rage su: tarwaɗa, giwan ruwa, zalɓe, masunta. A raminka babu kowa, don haka yawansu ya yi ta hauhawa har ya ci karo da abin da ramin zai iya ɗauka. Kowane ruwa yana da iyakar nauyin kifin da zai riƙe. Wannan nauyin ko ka raba shi ga manya kaɗan, ko ga ƙanana dubbai. Kai na biyun ka samu. Tuwon mutum biyar ne aka zaunar wa mutum hamsin.

Ɗan Fadama: Malam na gode, amma ni ban ga laifin haihuwa ba. Ai don ita na zaɓi karfasa a kan tarwaɗa, don kada in riƙa sayen iri kowace shekara. Kuma wanda ya sayar min ya ce iri ne mai kyau.

Malamin Gona: Kyan iri daban, cunkoso daban. Ka tambayi kanka me ya sa da asuba suke tasowa, ba da azahar ba. Koren nan na ruwanka ƙananan tsirrai ne. Da rana suna sakin iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuma su da kifin duk ja suke. Kafin gari ya waye ta ƙare. Ƙara abinci na nufin ƙara kashi da ragowar da za ta ruɓe a ƙasa, ruɓewar ma iskar take ci. Yau ɗin nan ka rage abinci, ka saki sabon ruwa, ka ja taru ka kwashe ƙananan ba tausayi. Ka shanya su ko ka yi banda.

Baba Masunci: Yaro, ka samo tarwaɗa 'yan madaidaita ka jefa ciki. Su za su yi maka aikin taru dare da rana, ƙarshe ka sayar da su su ma. Mu da muka tashi a bakin ruwa mun san kifi ke tsare kifi. Yanzu ma abin da ya kashe mana kamu a Hadejia da Nguru ciyawar kacalla ce, ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya wucewa, jan-baki ya samu wurin kwana yana cinye wa mutane shinkafa. An yi ta zuwa ana ɗaukar hoto.

Abu Safiyya: Baba a yi hattara da sako mai cin wani. A tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka an saka giwan ruwa a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ta yi yawan da ta shafe nau'o'in ƙananan kifaye masu ɗimbin yawa. Ni a ganina Ɗan Fadama ya zubar da ruwan gaba ɗaya, ya bar ƙasan ramin ya bushe, ya sake da maza zalla. Namiji ya fi saurin girma. Ya nemi bayani a cibiyar binciken kifi ta New Bussa.

Malamin Gona: Rami ba tafkin Biktoriya ba ne, ranar da ya so zai kwashe tarwaɗarsa. Amma tarwaɗa sababbin haihuwa kawai za ta ci, waɗanda suka riga suka kai yatsu biyu suna nan. Taru dai, na faɗa.

Ɗan Fadama: Ni fa ba zan iya kwashe kifin da na ciyar da kuɗina in shanya a rana ba. Busar da rami kuwa, yayana jira yake ya gani. Kuma sauya ruwa fetur ne, injin ma na aro ne. Na ji an ce in hunturu ya shigo suna daina haihuwa, ba sai in jira ba?

Malamin Gona: Sanyi na rage haihuwa, gaskiya ne, amma yana rage ci da girma ma. Za ka fito hunturu da kifin da ka shiga da shi, in sun kai.

Hajiyar Kaji: Ni dai har yanzu ina zargin abincin nan. Wane kamfani ne?

Ɗan Fadama: Akwai wani fili a gefen ramin. In na samu bashi na haƙa na biyu na raba su fa? Wa ya san nawa ake haƙa yanzu?