btoa ya ƙi karɓar sunan Ɗanladi, wa ya taɓa cin karo da wannan?

Abdu na Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Wata makarantar kuɗi nake yi wa fom ɗin rajistar ɗalibai a nan Damagaram. Nakan mayar da bayanan ɗalibi Base64 (tsarin rubuta bayanai da haruffan Turanci, lambobi da ƴan alamomi kawai) da btoa(), umarnin JavaScript mai yin wannan aiki, kafin in aika. Duk sunan da na gwada ya wuce, har masu é na Faransanci. Ana zuwa kan Ɗanladi sai burauza ta ce InvalidCharacterError. Kwana biyu ina zargin intanet.

Malam Sani, Zango: Wa alaikumus salam. Ƙanena, intanet ba ta da laifi. Kowane harafi yana da lambarsa a kwamfuta, kuma btoa ba ya karɓar harafin da lambarsa ta haura 255. é lambarsa 233, shi ya sa ya sulale. Ɗ kuwa 394 ne, ƙ 409, ƴ ɗinmu na Nijar 436. Ka fara bi da rubutun ta TextEncoder ya zama bayit na UTF-8 (lambobin da ba sa haura 255) cikin jerin da ake kira Uint8Array, sannan ka kai su Base64. Wajen dawowa kuma kada ka tsaya a atob mai warware Base64, ka ƙarasa da TextDecoder mai mayar da bayit rubutu. Ni na taɓa mantawa da wannan, aka buga rasit sunan ƙauyen mutum ya fara da Æ. Da takardar a hannu ya zo har shago.

Zainabu: Malam, ni hoto ne ya ba ni wahala. Na zuba bayit ɗin hoton katin shaida gaba ɗaya cikin String.fromCharCode don su zama haruffan da zan ba btoa, ƙaramin hoton gwaji ya yi lafiya. Da wata Hajiya ta ɗauki nata da sabuwar waya, shafin ya tsaya cak, RangeError, bayit ɗin sun yi yawa. Sai da na dinga yanka shi gunduwa-gunduwa, bayit 32768 kowace. Daga baya na gane readAsDataURL na FileReader zai yi min aikin ba gardama. Amma fa a sani, Base64 bayit 3 yake mayarwa harafi 4, hoton mega 3 ya koma mega 4. Mai sayen data ta dala ashirin zai ji a jikinsa. Yanzu Blob ɗin, wato hoton yadda yake, nake aikawa kai tsaye cikin FormData, ba Base64.

Ibro: Nawa ɗan kaɗan ne. Na sa Base64 cikin adireshin shafi, duk alamar + ta iso saba (server) a matsayin sarari. Na koma base64url mai - da _ a maimakon + da /.

Abdu na Birni: Malam Sani, Allah ya saka da alheri, Ɗanladi ya shiga. Na ga ana zancen toBase64() na Uint8Array, in koma can?

Malam Sani, Zango: Yana aiki, amma Chrome bai samu shi ba sai 2025. Dubi wayoyin iyayen ɗaliban nan tukuna, da yawa tun ranar da aka saya ba a sabunta burauzarsu ba. Ka duba ko akwai shi, in babu ka bi ta TextEncoder da btoa.