Muhawara kan na'urar sarrafa gudu ta motar rimot mai hawan dutse

Baban Halifa, Fadaman Mada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kuka na kawo muku, kuma ina so a saurare ni. Na sayi na'urar sarrafa gudu, wadda muke kira ESC, a hannun wani mai sayarwa a intanet domin motata ta hawan dutse mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske. Ya rantse mini cewa ba ta jin ruwa kuma tana ɗaukar 60A, wato wuta mai ƙarfin amfiya 60. Da na kai motar kan duwatsun Dutsen Tanshi, tayar gaba ta maƙale a wata tsaga, na ƙara mata wuta kaɗan, sai warin roba ya tashi; ina ɗaga murfi na tarar wayar batir ta narke har ta manne da jikin na'urar. Mutumin ya daina ɗaga wayata. Abin da na tsaya a kai shi ne, lambar da ake bugawa a kwali ba ita ce ma'aunin aminci ba, musamman a waɗannan kayan China da duk jabu ne.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Baban Halifa, amma ban yarda a ce kayan China duk jabu ne ba. Kamfanin Hobbywing a birnin Shenzhen yake, kuma QuicRun 1080 ɗinsa na cikin na'urorin da masu hawan dutse suka fi dogara da su: tana ɗaukar 80A, tana aiki da batirin LiPo (wani nau'in batirin lithium mai caji) na 2S ko 3S, wato mai ɗaki biyu ko uku, ruwa ba ya shigarta. Idan wannan jabu ce, to a nuna mini ta gaske.

Malam na Yelwa: Ni ma nan na tsaya. Jabu shi ne abin da aka liƙa wa sunan wani kamfani alhali ba shi ya ƙera ba. Na'urar da ba ta ɗauki sunan kowa ba, marar inganci za a kira ta, domin ba ta yi wa kowa sojan gona ba.

Mai gyaran waya, Wunti: Malam, da girmamawa, wannan bayanin aji ne. Mu a kasuwa, duk abin da aka rubuta masa ƙarfin da ba shi da shi jabu muke ce masa, ko da suna ko babu. Cajar da aka rubuta mata 2A tana ba da rabinsa, me za ka kira ta?

Malam na Yelwa: Ƙarya zan kira abin da aka rubuta, ƙanena. Idan muka haɗa su wuri guda, gobe duk wanda kayansa ya lalace zai ɓata sunan kamfanin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ɗan Tumfure, Gombe: Kuna ta jayayya a kan suna, alhali araha ba ta ado. Ni tun da na koma na'urar Mamba X ta kamfanin Castle Creations da ke jihar Kansas a Amurka, na haɗa ta da inji marar burushi (burushi su ne 'yan gawayin da ke gogar sashen inji mai juyawa su ba shi wuta) mai sensa da ke gaya wa na'ura inda injin yake a juyinsa, ban sake jin warin ƙuna ba. Matsalarku a Bauchi ita ce kuna son motar manya da kuɗin alawa.

Injiniya: Ɗan uwa, ka janye wannan maganar ta ƙarshe. Sannan ka faɗa wa mutane gaskiya: inji marar burushi, idan babu sensa, kakkarwa yake yi a lokacin da ake son mota ta rarrafa a hankali, wanda kuwa shi ne dukkan aikin hawan dutse. Sai an biya kuɗin sensa da na'urar da ta dace kafin a sami laushin da inji mai burushi na 35T, wato mai naɗin waya sau 35, yake bayarwa tun daga farko. Ko motar Traxxas TRX-4, wadda kamfanin Amurka ne ya fito da ita, da inji mai burushi take zuwa.

Ɗan Tumfure: Ba zan janye ba. Burushi yana cinyewa, ga ƙurar hunturu tana shiga cikin inji ta ƙara cin sa. Mu da muke zuwa tsaunukan Kaltungo mun san abin da muke faɗa.

Malam na Yelwa: Wane dutse za ka koya wa mutumin Bauchi, garin da duwatsu suka kewaye? A cikin garin Gombe ai yashi da kwazazzabai suka fi yawa. Kafin 1996 ma duk jiha ɗaya muke, saboda haka ka riƙa yi wa yayyenka magana da ladabi.

Ɗan Tumfure: Malam, Dutsen Bima a jihar Gombe yake, kuma girma ba ya hana a faɗa wa yaya gaskiya.

Baban Halifa: Jama'a, har yanzu babu wanda ya taɓa abin da na faɗa. Batirin 3S na sa, 11.1V, kuma kwalin ya ce na'urar tana ɗauka. Ni tambayata a kan lambar kwali ce.

Mai gyaran waya: Yaya, bari in gwada. Lokacin da taya ta maƙale kuma aka ci gaba da ba da wuta, inji ba ya juyawa, sai ya zuƙi wuta ninkin abin da yake ja a tafiya, kuma wannan wutar zafi take komawa a cikin waya da na'ura. Na'urar kirki tana da kariyar da ke rage wuta idan ta yi zafi, tana kuma yanke wuta idan kowane ɗaki na batirin LiPo ya sauka zuwa wajen 3.2V don kada batir ya lalace. A duba kaurin waya da kyawun dalmar da aka haɗa ta da ita. A duba birkin riƙo, wanda ke tsayar da mota a gangara idan ka saki maƙulli, ko ana iya saita ƙarfinsa. A duba kuma sashen da ke ba risiba (mai karɓar saƙon rimot a cikin mota) da injin sitiyari wuta, domin idan ya gaza, kana murɗa sitiyari a tsakanin duwatsu rimot zai ɗauke. Wadda ba ta da waɗannan, ita nake kira jabu.

Malam na Yelwa: Ka yi bayani mai kyau har ka zo ƙarshe ka ɓata shi. Rashin kariyar zafi naƙasu ne na ƙira, ba ya mayar da abu jabu.

Ɗan Tumfure: Duk abubuwan da ya lissafa Mamba X tana da su, sai dai ba ku son jin haka daga bakin ɗan Gombe.

Shugaban zaure: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta shi ne, kusan kowa ya amince cewa inji mai burushi da QuicRun 1080 su ne suka dace da duwatsunmu da aljihunmu, kuma ni kaina ita nake amfani da ita, na sa wutar sitiyari a 7.4V, ban ga aibunta ba. Maganar cewa kayan China jabu ne ta faɗi, Injiniya ya rushe ta da hujja. Ɗan uwanmu na Gombe bai kawo dalilin da zai sa a kashe kuɗin da ya kashe ba, kuma ina roƙonsa ya nemi afuwar mutanen Bauchi kan zancen kuɗin alawa. Baban Halifa, ka kai wa mai gyaran waya injin motarka ya auna shi kafin ka ɗaura sabuwar na'ura, domin wutar da ta narkar da waya tana iya taɓa shi.