Abin da iyaye suka tattauna kan wayar yara

Da aka zauna da iyaye kan yadda za a kare yara a intanet, shawarar da ta fi yawa ita ce a sa Family Link na Google a wayar yaro. Kyauta ne. Daga wayarka za ka iyakance masa lokaci, ka rufe wayar da dare, kuma ba zai sauke manhaja ba sai ka amince. Masu iPhone suna da Screen Time, mai yin irin wannan aikin. Ƙananan yara kuwa a bar su a YouTube Kids, a kuma kunna SafeSearch, mai tace abubuwan batsa daga sakamakon bincike a Google.

An tuna cewa dokar TikTok da Facebook ita ce sai mai shekara 13, amma yara na ƙara wa kansu shekaru wajen buɗe shafi.

Inda muhawara ta yi zafi shi ne batun turi. Wata uwa ta ce duk tacewar nan ba ta hana bidiyon da aboki ya tura ta Xender ko Bluetooth, ko wanda aka loda wa yaro a shagon masu tura fina-finai, domin ba ya bi ta intanet. A ganina nan ne babban giɓin, kuma da wuya wata manhaja ta toshe shi gaba ɗaya. Sai dai a riƙa duba wayar tare da yaron, da saninsa.

An kuma ce a gyara WhatsApp yadda baƙo ba zai jefa yaro cikin guruf ba, a kuma lura ko yaron ya sa VPN, wato manhajar da ake iya kauce wa tacewar intanet da ita.