Diyapon mahaifina: wasu suna fitowa ja, wasu shuɗi

Ɗan Adar, Tawa:
Assalamu alaikum. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana akwati guda na diyapo, ƙananan fim ɗin nan masu firam na kwali da ake haskawa a bango. Akwai na kokowar ƙasa ta farko da aka yi nan Tawa a 1975, akwai na kasuwar dabbobi da na sallah. Na aro sikana Epson V600 ina zuba su a kwamfuta, amma abin ya ɗaure min kai. Fim ɗin iri biyu ne. Masu rubutun Ektachrome sun yi ja wur, har sararin sama. Na Kodachrome kuwa, in na ɗaga su a taga lafiya lau suke, da sun shiga sikana sai fuskoki su yi shuɗi-shuɗi. Da na danna gyaran otomatik, rairayin filin ya koma fari fat. Ina mafita?

Tsohon mai hoto, Yamai:
Wa alaikumussalam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ciwo biyu ne, kada ka ba su magani ɗaya.

Na Ektachrome, fim ɗin ne da kansa ya koɗe. Rini uku ne a jikinsa, mai shuɗi-kore shi ya fi saurin tafiya a irin na wancan zamani, zafinmu kuma yana ƙara masa gudu. In ya tafi, ja ke mamaye hoton. Ka rabu da otomatik: shi so yake ya kai komai ruwan toka, bai san ƙasar Adar ja ce ba. Buɗe hoton a GIMP, manhajar gyaran hoto ce ta kyauta, ka shiga wurin daidaita haske (Levels), ka ɗauki ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. A kowanne ka jawo alamar baƙi da ta fari zuwa inda tudun zanen hasken da za ka gani a wurin ya fara. Sannan ka nemi abin da ka tabbata ruwan toka ne, tayar mota da ta sha rana ko bangon siminti, ka dangwala masa ɗan bututun ɗaukar launi.

Kada ka yarda da farar riga. Iyayenmu da bula suke wanki, farinsu na da shuɗi a ciki. In ka ce wa na'ura wannan ne fari, duk hoton zai karkata zuwa rawaya.

Hajiya mai sikana, Yamai:
Baba ya gama da Ektachrome. Kodachrome kuwa, ƙanena, bai lalace ba, shi dama yana daɗewa muddin a duhu aka ajiye shi. Rininsa ne daban, idon sikana ba ya ganinsa yadda namu ke gani. Manhajojin sikana VueScan da SilverFast duk suna da zaɓin Kodachrome, ka kunna shi. Ka kuma kashe Digital ICE, wato tsarin sikana mai goge ƙura daga hoto, a kansa, domin rinin na tare hasken da ake gano ƙura da shi, sai ya cinye gefen fuskoki. Ƙurar hunturu ka hure ta da ɗan famfon roba. Ka adana asalin a nau'in fayil na TIFF mai bit 48, gyara kuma a kan kwafi.

Ɗan Adar:
Allah ya saka da alheri. Na gwada da tayar wata babbar mota, rairayi ya dawo, rawunan Buzaye ma sun fito da ƙyallinsu. Amma inuwar ƙarƙashin rumfa ta yi kore-kore.

Tsohon mai hoto:
Madalla. Rinin bai koɗe daidai ba tsakanin haske da inuwa, shi ya sa gyara guda bai isa ba. Shiga layin lanƙwasa (Curves) a GIMP, zaɓi kore, kafa ɗigo a tsakiya don ya riƙe fuskoki, ka sauke ƙasan layin kaɗan kaɗan. Ka yi aikin a ɗaki mai dishi-dishin haske, kuma ka kira wani dattijo da ya halarci kokowar ya duba maka launin riguna kafin ka adana.