Rim mai inci 20 a Hilux ɗin da ke ɗaukar buhuna, zai yiwu?

Mannir Rafindadi

Assalamu alaikum jama'a. Ina da Hilux ƙirar 2012 mai ƙofa huɗu, da ita nake kai masara da gero daga Katsina zuwa Mashi da Mai'adua. Rim ɗin ƙarfe ne a ƙafarta, inci 16, da taya 205R16C. Biyu sun lanƙwashe, mai faci ya buga har ya gaji, iska ba ta zama. Wani yaro mai sayar da kayan mota ya kawo mini na aluminiyam guda huɗu 'yan Kwatano, inci 20. Ya ce daga jikin Ford Ranger aka ciro su, huda shida ce kamar tawa, wai ba sai an gwada ba. Gaskiya sun shiga raina, amma motar nan da ita nake ciyar da iyali. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Masana, in biya ko in haƙura?

Lawal Bakanike, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumussalam Alhaji. Kada ka biya tukuna. Yaron bai yi ƙarya a kan huda ba, Hilux irin taka da Ranger duk shida ce a kan da'irar milimita 139.7. Abin da bai faɗa maka ba shi ne ramin tsakiya. Na Ranger 93.1 ne, wuyan da rim ke hawa a Hilux kuwa 106.1. In da gaske na kamfanin Ford ne, ba zai zauna ba, zai tsaya a bakin wuyan. Daga nan wani zai ce a kai wa masu injin yankan ƙarfe su faɗaɗa ramin. Don Allah kada ka yarda. Naman da za a cire daga tsakiyar rim ne, kuma in aka kauce ko kaɗan sitiyari zai riƙa rawa, babu balansin da zai gyara shi.

Ka kuma kifa rim ɗin ka duba bayansa, za ka ga ET da lamba a gabansa. Wannan ke nuna inda taya za ta tsaya, ciki ko waje. Na Ranger yawanci 55 ne, na Hilux wajen 30. Ma'ana tayar za ta ƙara shigewa ciki da kusan inci guda, in ka karya kan mota sai ta goga ƙarfen ƙafa. Masu gyara wannan da faranti a bayan rim ina ganinsu a gareji, boris ɗinsu ba ya daɗewa.

Noti ma ba ɗaya ba ne. Rim ɗin aluminiyam na Toyota notinsa mai wosha ne mai shafaffen gindi, na kasuwa kuwa yawanci mai tsinin baki suke so. In aka haɗa su ba daidai ba, yau ka ɗaure gobe ya saki.

Sada Direba, Daura

Malam Lawal ya gama maganar ƙarfe. Ni ta hanya zan yi. Ko da sun zauna daram, Alhaji, inci 20 ba na mai buhu ba ne. Tayar da ake sa musu irin 265/50R20 ce, gefenta wajen santimita 13 ne kawai, taka ta yanzu ta haura 16. Harafin C ɗin nan da ke jikinta kuma na ɗaukar kaya ne. Ka faɗa rami da lodi a baya, ƙarfe lanƙwashewa yake yi, a buga ka iso gida. Aluminiyam tsagewa yake yi, a nan za ka kwana. Sannan wa zai sayar maka da taya 20 a ƙauye ranar kasuwa?

Kabir Dutsin-ma

Baba Sada, a yi mini afuwa, ba duk aluminiyam ne ke tsagewa haka ba. Toyota da kansu sun fito da Hilux da rim ɗin aluminiyam inci 17 da taya 265/65R17, kuma yana ɗaukar kaya. Irinsa nake da shi, na samo a Ƙofar Ruwa a Kano. Sai dai Alhaji ya sani tayar ta fi tasa tsayi da kusan kashi 6 cikin ɗari, in allon gudu ya nuna 100 to yana wajen 106, kuma motar za ta ɗan yi nauyin tashi da lodi. Ta safaya ma dole a canza ta, don ba a haɗa taya mai tsayi daban a motar da ke ja da ƙafa huɗu.

Mannir Rafindadi

Allah Ya saka da alheri. Mun je da awo, ramin 93 ne, ET 55 kuma na nan a rubuce. Na mayar masa da kayansa. Yanzu Malam Lawal, tsakanin na Kabir da sabon ƙarfe 16, wanne za ka ce?

Lawal Bakanike, Ƙofar Ƙaura

Don aikinka, ƙarfe biyu kawai za ka saya, tayoyinka na nan, notinka na nan. In ka samo ka kawo mu juya su a inji kafin a sa taya, don 'yan Kwatano ma akwai masu lanƙwasa da ido ba ya gani. Bayan an ɗaure ka yi kamar kilomita 50 zuwa 100 ka dawo a sake bin notin, kafin ka yi lodin Mai'adua.