Neman kalmar Hausa: kuɗin da gwamnatin Kanada ke ba al'ummomin asali don su shiga tuntuɓa

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Akwai kalmar da ke yawan fitowa a labaran Kanada, musamman inda ake batun bututun mai, madatsar ruwa ko haƙar ma'adinai: "participant funding". Kuɗi ne da gwamnati ke ba al'ummomin asali, wato First Nations da Inuit da Metis, domin su samu halin shiga tuntuɓa kafin a amince da babban aiki a ƙasarsu ta gado. Ana rubuta ta iri-iri: kuɗin shiga, tallafin halarta, kuɗin tuntuɓa. "Kuɗin shiga" dai ta faɗi tun ba a je ko'ina ba, domin Bahaushe zai ɗauka haraji ake nufi ko kuɗin ƙofa. Sauran biyun fa? A taimaka mu tsayar da guda.

Barista: Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa wa abu suna sai an san asalinsa. Sashe na 35 na dokar tsarin mulkin Kanada ta 1982 ya amince da haƙƙoƙin al'ummomin asali da na yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su. A 2004, a shari'ar al'ummar Haida kan sarar itace a tsibiran Haida Gwaii, Kotun Ƙoli ta ce duk lokacin da gwamnati ta san akwai irin wannan haƙƙi, ko da ba a gama tabbatar da shi a kotu ba, kuma tana shirin ɗaukar matakin da zai iya taɓa shi, wajibi ne ta tuntuɓi masu haƙƙin. Nauyin yana wuyan gwamnati, ba kamfani ba, ko da ta wakilta wa kamfani wasu daga cikin zaman. Zurfin tuntuɓar kuma yana bin ƙarfin haƙƙin da girman ɓarnar da ake tsoro: wani lokaci sanarwa da sauraro sun wadatar, wani lokaci sai an sauya fasalin aikin.

To ga inda kuɗin ya shigo. Kamfani zai kawo rahoton tasirin aiki ga muhalli mai dubban shafuka, ƙwararru ne suka rubuta shi cikin shekaru. A ɗaya ɓangaren al'umma ce ƙarama, ofishinta na filaye mutum ɗaya ne ko biyu, an ba ta kwana 20 ko 30 ta mayar da martani. In ba ta da kuɗin ɗaukar masanin ruwa da lauya, zaman ya zama na jeka-na-yi-ka. Saboda haka duk kalmar da za mu zaɓa kada ta yi ƙamshin kyauta.

Hajiya 'Yar Jarida: Barista, wannan ne ya sa nake tsoron "tallafin halarta". Mai sauraro a Kano ko Maraɗi da ya ji halarta, kuɗin zama zai tuna, irin ambulan da ake rabawa a ƙarshen taron bita tare da kuɗin mota. Daga nan taku ɗaya ne zuwa toshiyar baki. Labarin zai koma "an biya su sun zo sun zauna", alhali zuwa taro shi ne mafi ƙanƙantar abin da kuɗin ke yi.

Injiniya: Gaskiyarki Hajiya. Bari in zayyana abin da ake kashe su a kai, domin sunan ya fito daga aikin. A ƙarƙashin dokar tantance tasirin ayyuka ta 2019, hukumar tarayya mai kula da wannan tana buɗe neman kuɗin mataki-mataki. Matakin tsarawa kwana 180 ne, a nan ake duba bayanin farko na aikin a fitar da tambayoyin da kamfani zai amsa. Sai kamfani ya je ya haɗa rahotonsa. Sai tantancewa: har kwana 300 in hukumar ce da kanta, har 600 in kwamitin bita aka kafa. Al'umma takan cike takarda ta nuna abin da za ta yi da nawa zai ci, a duba, a sa hannu a yarjejeniya, daga baya ta kawo rahoto da rasit.

Abin da ake biya: ladan ƙwararrun da za su karanta rahoton kamfani, lauya, albashin ma'aikacin da zai bi takardun, kuɗin jirgi da masauki, tafinta, hayar zauren taro, da ɗan abin girmamawa ga dattawan da za su zauna su nuna a taswira inda ake farauta, inda kifi ke ƙwai, inda kaburbura suke. Wannan aikin taswira shi ne ya fi cin lokaci, domin wani wurin sai da damina ake ganinsa, wani sai ƙanƙara ta daskare.

Matsalolin kuma sanannu ne. Kuɗin kan iso bayan agogo ya fara tafiya, kuma galibi abin da aka kashe kafin sa hannu ba a mayarwa. Yakan gaza abin da ƙwararre ɗaya zai caja. Sannan na aiki ɗaya ne: an gama, kuɗi ya ƙare, ma'aikacin da ya koyi aikin ya tafi, sabon kamfani ya zo a sake daga farko. Wannan ya sa aka samar da wani nau'i dabam, "capacity funding", wanda ke riƙe ofis da horar da mutane ko babu aiki a gaba. Shi ma yana buƙatar suna.

Malamin Hausa: Madalla. Ni ina da shawara biyu. Ta farko "tallafin damawa". Muna cewa a dama da mata, a dama da matasa, kuma wanda aka dama da shi ya wuce ɗan kallo, hannunsa na cikin ƙwarya. Ta biyu "guzurin tuntuɓa", domin guzuri abin da matafiyi ke riƙewa ne don ya kai inda za shi, ba ladan tafiyar ba.

Sai dai a kula da "kuɗin tuntuɓa" kai tsaye. Zai yi kama da kuɗin ganin likita ko lauya, kamar al'ummar ce ke sayar da shawararta.

Barista: Allah ya gafarta Malam, "damawa" ta yi daɗi a baki amma ta yi alkawarin da doka ba ta yi ba. A shari'ar Haida kotu ta faɗa ƙarara cewa tuntuɓa ba ta ba al'umma ikon hana aiki ba. Ana iya sauraronka sosai a yanke abin da ba ka so. Shari'o'i biyu da Kotun Ƙoli ta yanke rana guda a Yulin 2017 sun nuna wannan. A Clyde River, ƙauyen Inuit a yankin Nunavut da ke arewacin Kanada, an ba kamfanoni izinin neman mai ta hanyar harba ƙara mai ƙarfi cikin teku, inda mutanen ke farautar manyan dabbobin ruwa. Ba a ba mutanen ƙauyen kuɗin nan ba, ba a yi zaman sauraro na baki da baki ba, amsar tambayoyinsu kuma ta zo cikin kundi mai shafi 3,926, mafi yawansa ba a fassara shi zuwa harshen Inuktitut ba, a yankin da intanet ke jan ƙafa. Kotu ta soke izinin. Su kuwa mutanen al'ummar Chippewas of the Thames, kan bututun mai na kamfanin Enbridge a lardin Ontario, an ba su kuɗin, sun kawo hujjojinsu a zaman sauraro, kuma kotu ta ce tuntuɓar ta wadatar, aikin ya ci gaba. An ɗauke musu nauyin shiga, amma ba za ka ce an dama da su a hukuncin ba.

Wannan ne ma ya sa al'ummomi da dama ke rubutawa a wasiƙa cewa karɓar kuɗin ba amincewa da aikin ba ne, ba kuma shaida ba ce cewa an tuntuɓe su yadda ya kamata.

Hajiya 'Yar Jarida: To Barista ai ka faɗi kalmar da bakinka: ɗauke nauyi. Me zai hana mu ce "kuɗin ɗawainiyar tuntuɓa"? Ɗawainiya ita ce wahala da kashe-kashen da hidima ke jawowa. Wanda ya kira ka hidimarsa ya biya ɗawainiyarka bai yi maka alfarma ba, kuma bai saye ka ba. Ta kuma raba mu da diyya, wadda ake biya bayan an yi ɓarna, da kuma rabon amfani, irin kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwa da dokar man fetur ta Najeriya ta 2021 ta ware wa al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu. A Kanada ma akwai yarjejeniyar rabon amfani tsakanin kamfani da al'umma, kuma haɗa ta da wannan kuɗi babban kuskure ne a labari.

Malamin Hausa: Na karɓa, Hajiya. Na janye "tallafi" ma gaba ɗaya a nan, tunda kunnenmu ya saba jin ta a tallafin mai da na masu ƙaramin ƙarfi. "Guzuri" kuwa a bar ta ga mai sharhi. Alƙali Thomas Berger, da ya jagoranci binciken bututun kwarin Mackenzie daga 1974 zuwa 1977, ya sa an ba ƙungiyoyin al'ummomin asali kuɗin shirya hujjojinsu, ya kuma bi garuruwa 35 yana sauraron mutane da harsunansu. Mai ba da wannan tarihi zai iya cewa an yi musu guzuri, ya zauna daram.

Abu guda da ya rage: a riƙa cewa "al'ummomin asali", kada a ce "'yan asali" kawai. A Najeriya ɗan asali shi ne mai takardar shaidar ƙaramar hukuma, kishiyar baƙo. A Kanada ana nufin al'ummomin da ke da ƙasa da shugabanci tun kafin Turawa su kafa mulkinsu a can.

Injiniya: Na biyun kuma, wato "capacity funding" mai riƙe ofis, ina ganin "kuɗin zama cikin shiri" ya fi "gina ƙwarewa", domin ba horo kaɗai ba ne, har albashi da na'urar taswira da ajiyar bayanai. Amma akwai "kuɗin zama" a farkonsa, abin da Hajiya ke gudu. Ko mu ce "kuɗin riƙe ofishin tuntuɓa"?

Mai Fassara: Wannan ta fi fita, Injiniya. Ga gwaji a jimla, a gyara in da gyara: "Hukumar ta buɗe neman kuɗin ɗawainiyar tuntuɓa ga al'ummomin asali da aikin haƙar zai shafa, sai dai shugabanninsu sun ce abin da suka fi buƙata shi ne kuɗin riƙe ofishin tuntuɓa na shekara-shekara." A kanun labari "kuɗin ɗawainiya" kaɗai zai wadatar, a cike sauran a sakin layi na farko.

Barista: Jimlar ta tsaya. Sai dai a sauya "zai shafa" zuwa "zai iya shafa", domin wajibin tuntuɓa yana farawa ne tun ana hasashen ɓarnar, kafin a tabbatar da ita.